Daga Ƙofa Zuwa Kamun Ƙafa: Tarihin Masu Shiga Tsakani a Ƙasar Katsina da Buƙatar Dokar Bayyana Su

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata tsohuwar al'ada ta sha'anin mulki a ƙasar Hausa, watau shiga tsakanin mai buƙata da mai iko, tun daga zamanin da ake kiran mai yin ta ƙofa ko jakada, har zuwa yau da ake ce wa aikin kamun ƙafa. Mun ɗauki ƙasar Katsina, musamman yankin Kankiya da Kusada, don ta zama mana madubi, saboda a nan ne aka soma gwada wasu daga cikin gyare-gyaren da suka shafi wannan al'ada. Abin da muke son nunawa shi ne, gyare-gyaren da aka yi cikin shekara 120 da suka wuce, ko dai sun fuskanci mai karɓa, ko kuwa sun nemi kawar da mai shiga tsakani baki ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tilasta a rubuta sunan mai zuwa roƙo, da wanda ya aiko shi, da abin da ya zo nema. Wannan giɓi shi ne cin hanci na siyasa ya samu ya yi sheƙa a ciki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da kamun ƙafa. Shi ne bin wanda ke riƙe da muƙami, ko ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ko babban ma'aikaci, don a karkato da shawararsa kan wata doka ko kwangila ko naɗi ko wurin da za a kafa wani aiki. Turawa sun samo sunan masu wannan sana'a ne daga zauren majalisa, inda sukan tsaya suna jiran wakilai. Kamun ƙafa a karan kansa ba laifi ba ne, gama duk mai mulki yana buƙatar jin koken jama'a, kuma ba kowa ne ke iya kai kansa ba. Inda ɓarna take shigowa shi ne idan an yi shi a ɓoye, an haɗa da abin hannu, jama'ar da shawarar za ta shafa kuwa ba su san an yi ba.

2.0 Ƙofa da Jakada Kafin Zuwan Turawa

A tsarin sarauta na ƙasar Hausa, ba a zuwa gaban sarki kai tsaye. Kowane gari, da kowace ƙungiyar sana'a, da baƙin fatake, suna da wani mai sarauta ko bafade wanda ta hannunsa suke isa fada, shi ne ƙofarsu. Shi zai shigar da su, ya faɗi buƙatarsu, ya kuma komo musu da amsa. Bayan jihadi, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi tuta ya kafa mulkin Dallazawa a Katsina a farkon ƙarni na 19, wannan tsari ya ƙara faɗi, domin ita kanta masarautar tana da ƙofarta a Sakkwato, watau Galadima, kamar yadda Waziri yake ƙofar Kano da Zazzau. Daga ƙasa kuma akwai jakadu, waɗanda masu sarauta ke aikawa garuruwan da ke hannunsu don su karɓo haraji, su kai umarni, su kawo labari. M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari a nazarinsa na mulkin Zazzau na 1960, shi kuma Yusufu Bala Usman ya bi tarihin sarautun Katsina a littafinsa na 1981.

Abin da muke son mahalarta wannan taro su lura da shi shi ne, ƙofa sananne ne. Mutanen gari sun san ƙofarsu, fada ta san shi, abokan hamayyarsu ma sun san shi. In magana ta lalace a hanya, an san wanda za a tuhuma. In wani gari ya samu abin da ya fi ƙarfinsa, an san bakin da ya yi masa magana. Ko da yake ba a rubuta wannan a takarda ba, zaman fada a bainar jama'a ake yinsa, idon mutane kuwa ya tsaya a madadin rajista.

Sai dai ba za mu yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Tare da ƙofa akwai gaisuwa, watau kyautar da na ƙasa ke kai wa na sama, wadda ba ta da ƙayyadadden adadi, kuma daga ƙarshe a kan talaka nauyinta yake sauka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwa cikin al'adun sarakunan Hausa da ya soka a Kitabul Farƙi, tare da karɓar rashawa a wajen shari'a. Hujjar malaman jihadi a fili take cikin hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) kuwa ya nuna cewa muƙamin ne aka yi wa kyautar, domin da a gida ya zauna da babu mai kawo masa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da aka naɗa shi, don a gwada da abin da ya mallaka daga baya. Ke nan tunanin bayyana abin hannun mai mulki ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk da haka gaisuwa ba ta mutu ba, ta ci gaba a ƙarƙashin sarakunan da suka gaji jihadin.

3.0 Gyaran Turawa: Gunduma da Baitulmali

Katsina ta shiga hannun Turawa a 1903 ba tare da yaƙi ba. Cikin shekara uku aka tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, sa'an nan a 1906 sarauta ta koma hannun Durbi Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944. A zamaninsa, tare da jami'in Turawa H. R. Palmer, aka yi gyara iri biyu da suka shafi batunmu.

Na farko, an yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya zauna a cikin gundumarsa, aka kuma soke aikin jakadu, waɗanda Turawa suka ɗauka su ne tushen zalunci a wajen tara haraji. Daga wannan tsari na gundumomi ne muka gaji abin da muke gani yau, inda Kankiyan Katsina yake hakimin Kankiya, Bebejin Katsina kuma yake hakimin Kusada. Na biyu, an kafa baitulmali, kuma Katsina ce aka san ta da fara shi a Arewa kafin a bazu da shi sauran masarautu. Da baitulmali ne aka raba aljihun sarki da asusun hukuma, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka shigo da rasit da kasafin kuɗi na shekara. Wannan shi ne karo na farko da aka ce kuɗin jama'a sai an rubuta shigarsu da fitarsu.

Amma me ya faru da mai shiga tsakani? An soke sunansa, buƙatarsa kuwa tana nan. Bature ba ya jin Hausa sosai, talaka ba ya jin Turanci, kuma ikon naɗi da tuɓewa ya koma hannun Razdan da Di'o. Saboda haka sababbin ƙofofi suka buɗe: tafinta, da masinja, da malamin haraji, da yaran hakimi. Bambancinsu da ƙofar dā shi ne, su babu wanda ya naɗa su wannan aiki, babu kuma wanda zai amsa cewa suna yinsa. Littafin baitulmali yana nuna kuɗin da suka shiga asusu, amma ba ya nuna wanda ya je ya ga wane da dare kafin a naɗa dagaci. A nan ne, a ganinmu, shiga tsakani ya tashi daga muƙami sananne ya koma sana'ar ɓoye.

4.0 Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma

Shekarar 1950 ta zo da suka daga cikin gida. A watan Agusta aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗauki zaluncin En'e a matsayin babban abin yaƙinta. A cikin watan nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a gyara tsarin En'e, ya kuma ambaci karɓar kyauta da rashawa cikin cututtukan da suka kama shi. A 1952 Sarkin Gwandu Yahaya ya kawo ƙuduri a Majalisar Sarakuna yana neman a hukunta masu cin hanci ba sani ba sabo. Abin da ya biyo baya shi ne Dokar En'e ta 1954, da wani umarni na gwamnatin Arewa da ya taƙaita kyaututtukan al'ada ga masu riƙe da muƙami. Binciken D. J. M. Muffett kan kuɗin En'e ta Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya nuna cewa har manya ana iya bincika. Sai dai duk waɗannan matakai hannun mai karɓa suka duba.

Zuwan kuɗin man fetur ya ƙara wa sana'ar daraja. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne rikicin siminti na 1975, lokacin da hukumomin gwamnati suka yi odar kimanin tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka cushe tashar Legas, ana biyansu kuɗin jira. Yawancin kwangilolin ta hannun dillalai aka ƙulla su, masu cin la'ada daga kamfanonin waje. Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata kimanin 10,000, aka sami gwamnoni 10 cikin 12 da laifi, amma ba a fito da wata doka da ta ce dillalin kwangila ya bayyana kansa ba.

Gyaran 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya kafa ƙananan hukumomi, Kankiya kuwa tana cikin bakwai ɗin da Jihar Katsina ta tashi da su ranar 23 ga Satumba, 1987. Daga baya Kusada ta sami tata ƙaramar hukumar, yau jihar tana da 34. Shi kansa neman jiha da neman ƙaramar hukuma kamun ƙafa ne, na dattawa da ƙungiyoyin ci gaban gari masu kai takardun koke. Irin wannan ba shi da abin kunya, domin masu yinsa suna sa hannu da sunansu, har alfahari suke yi da shi. Wannan ya nuna mana cewa mai buƙata ta gaskiya ba ya gudun a rubuta sunansa.

5.0 Dokokin Bayyana Kadara da Giɓin da Suka Bari

Tsarin Mulki na 1979 shi ne ya fara shigo da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, na 1999 kuma ya maimaita ta. Ƙa'idar ta wajabta wa mai muƙami ya bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Ta kuma hana shi karɓar kyauta saboda aikinsa. Amma akwai rauni biyu. Na farko, ta yarda ya karɓi kyautar dangi da abokai gwargwadon yadda al'ada ta amince, kuma mun ga a baya irin faɗin ƙofar da ake kira al'ada. Na biyu, an ce ɗan ƙasa yana iya duba takardun bayyana kadara bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta tsara, aka kuwa shafe fiye da shekara 20 ba ta tsara su ba. Don haka ne abin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi, na bayyana kadarorinsa ga jama'a yana gwamnan Katsina a 1999, da kuma yana shugaban ƙasa a 2007, ya zama abin labari. Ra'ayin kansa ne ya sa shi, doka ba ta tilasta masa ba.

An ƙara wasu dokoki: ta hukumar ICPC a 2000, da kafa EFCC a 2003, da dokar ba da kwangila ta 2007, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta ce a bayyana ainihin masu kamfani. Kowace ta toshe wata kafa. Amma dubi yadda manyan abubuwan kunya na majalisa suka fito. A 2005 zargin ba da naira miliyan 55 don a amince da kasafin ma'aikatar ilmi ya ci kujerar minista Fabian Osuji da ta shugaban Majalisar Dattawa Adolphus Wabara. A 2012 Faruk Lawan, shugaban kwamitin binciken tallafin man fetur, ya karɓi dala 500,000 daga wani attajiri don a cire kamfaninsa daga jerin waɗanda ake tuhuma. Sai a 2021 aka yanke masa hukunci, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Wannan magana ta fito ne saboda wanda ya ba da kuɗin ya tona, an kuma ɗauki hoto. Da bakinsu ya zo ɗaya, babu wani littafi da zai nuna ma sun taɓa ganawa. A 2016 Sanata Dino Melaye ya kawo ƙudurin yi wa masu kamun ƙafa rajista, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba.

6.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Amurka ta yi dokarta ta farko ta gaba ɗaya a 1946, amma hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 ya ƙuntata ma'anarta, har wani binciken gwamnati na 1991 ya gano cewa kimanin 10,000 daga cikin 13,500 da aka sani da sana'ar a Washington ba su yi rajista ba. Dokar 1995 ta gyara wannan, aka ƙara tsaurara ta a 2007 bayan abin kunyar Jack Abramoff, har ya zama sai an ba da rahoto kowane wata uku: wa ya ɗauke ka, nawa ya biya, kan wace magana. Duk da haka, wanda bai ba da kashi 20 cikin 100 na lokacin aikinsa ga kamun ƙafa ba yana iya zamewa. Ingila ta yi tata a 2014, amma 'yan haya kaɗai ta kama, ta bar ma'aikatan kamfanoni na cikin gida.

Darasin da ke nan shi ne, in an ɗora nauyin rajista a kan mai roƙo, sai ya sake suna ya ce shi aboki ne ko mai ba da shawara. Ƙasar Chile ta Kudancin Amurka ta bi wata hanya a dokarta ta 2014: mai muƙamin ne zai rubuta duk ganawar da aka yi da shi don neman karkato da shawara, da kyautar da aka ba shi, da tafiyar da ya yi, a kuma buga don kowa ya gani. Dokar ta haɗa har da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli. A ganinmu wannan ita ta fi dacewa da halinmu, inda mai kamun ƙafa ba shi da ofis ko allon suna, sau da yawa ma suruki ne ko ubangidan siyasa.

7.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Kankiya da Kusada

Wani zai ce wannan magana ta Abuja ce. Amsarmu ita ce, shawarwarin da suka fi taɓa mutumin Kankiya da na Kusada a kusa da shi ake yanke su: garin da za a haƙa wa rijiyar burtsatse, da wanda za a ba gyaran makaranta, da yadda za a raba takin zamani, da filin da za a yanka a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, da sunan da zai shiga jerin ɗaukar aiki. Kankiya da Kusada da Ingawa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma suna da rabo cikin naira biliyan 100 da aka saba warewa kowace shekara don ayyukan mazaɓu, waɗanda ICPC ta soma bin sawunsu a 2019. Daɗin daɗawa, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da wannan hukunci ya tabbata a aikace, masu kamun ƙafa za su ƙaru a ƙofar shugaban ƙaramar hukuma, gama inda kuɗi suka koma nan suke komawa.

Saboda haka muna ba da shawarar Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi doka, ba sai ta jira tarayya ba, bisa waɗannan ginshiƙai. Na ɗaya, kowane shugaban ƙaramar hukuma da kansila da kwamishina da ɗan majalisa ya ajiye littafin ganawa, a rubuta wanda ya zo kan maganar kwangila ko fili ko naɗi, da wanda yake wakilta, ko a ofis aka gana ko a gida. Na biyu, a ƙayyade darajar kyautar da za a iya karɓa, abin da ya haura a rubuta shi ya zama na hukuma, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na uku, wanda ake biya don ya yi wa wani kamun ƙafa ya yi rajista, kamfanin da ya ɓoye wakilinsa kuma a hana shi kwangila. Na huɗu, a buga littafin da Hausa, da boko da ajami, a manna a sakatariya da ƙofar hakimi, a kuma karanta a rediyo, don rajistar da ke intanet da Turanci kaɗai ba ta isa ga manomi ba. Na biyar, kada a ɗora wa talaka mai kawo kukansa wani kuɗi ko cike takarda, nauyin rubutu a kan ofis yake.

Mun san za a ce mai muƙami yana iya ƙin rubutawa. Gaskiya ne. Amma tabbatar da cin hanci a kotu abu ne mai wuya, kamar yadda shari'ar da ta ɗauki shekara 12 ta nuna, alhali tabbatar da cewa an gana ba a rubuta ba abu ne mai sauƙi, musamman a garuruwan da kowa ya san motar kowa. Doka irin wannan tana ba ɗan jarida da ɗan adawa da mai bincike abin kamawa.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda ƙofa ya kasance muƙami sananne mai tafe da gaisuwa, da yadda Turawa suka soke jakada suka rubuta kuɗi amma suka bar hanyar isa ga mai iko cikin duhu, da yadda dokokin bayan 'yancin kai suka tsaya kan mai karɓa. Katsina ce ta fara rubuta kuɗin hukuma a baitulmali, ɗanta ne kuma ya bayyana kadarorinsa ga jama'a ba tare da an tilasta masa ba. Abin da ya rage shi ne a rubuta masu zuwa roƙo. Muna kuma kira ga malaman tarihi da ɗalibansu su shiga kundin Lardin Katsina da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, su kuma zauna da dattawan Kankiya da Kusada, don a tattara yadda aka riƙa neman sarauta da aiki da kwangila a waɗannan gundumomi tun kafin masu labarin su ƙare.